Inji mai doki 40 a kwalekwalen Baba: ku raba mana gardama

Ɗan Bakin Kwata: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina Yelwan Yawuri. Shekara biyu ke nan ina tara 'yan kuɗi daga shagon cajin waya, yanzu na samu inji Yamaha ɗan kwatano mai doki 40, mai shi ya ce gaggawa ce ta sa zai rabu da shi. Niyyata in ɗaura shi a kwalekwalen Baba, wanda yake zuwa duba kalli, wato ragar kamun kifi, da shi da filafili. Ni ba su zan yi na sana'a ba, sha'awa ce kawai: ranar Lahadi in fita fatsa, da yamma kuma mu ɗan gwada gudu da abokai, don akwai mutum biyu da ke da inji a cikinmu. Da na gaya wa Baba ko ɗago kai bai yi ba, yana ɗinkin birgi, ya ce "jirgina bai san doki ba." Shi ke nan maganar. Shin tsoro ne irin na tsofaffi, ko akwai abin da ban gane ba?

Makaniken Zamare: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, tsawon jirgin nawa ne, kuma mutum nawa yake ɗauka ba tare da ruwa ya kusa baki ba?

Ɗan Bakin Kwata: Mutum huɗu, in an matsa biyar. Na katako ne, siriri, bayansa a tsuke yake kamar gabansa.

Makaniken Zamare: To Baba ya gama maka bayani a kalma biyar, ni dai in ƙara maka dalili. Injin foti, wato mai doki 40, shi kaɗai ya haura kilo 70. Ka sa tanki mai lita 25, ka sa kanka, duk a wutsiyar jirgin da aka sassaƙa don mutum ɗaya da filafili. Tun ba ka tayar ba gindin ya nutse, hanci ya ɗaga sama. Kana ba shi wuta hancin zai ƙara miƙewa har ka daina ganin abin da ke gabanka, ruwan da ka tura kuma yana biye da kai a baya. Ranar da ka saki totur farat ɗaya, wannan ruwan ne zai hau ta baya ya cika maka jirgi. Na ga an yi haka a gabana, ba labari aka ba ni ba, mutum yana tsaye cikin jirginsa ruwa ya kai masa gwiwa, bai bugi komai ba.

Na biyu, jirgin inji ana yi masa faffaɗan baya da katako mai kauri inda za a damƙe injin. Naku ba shi da shi. In kafinta ya yanke wutsiyar ya buga maka allo, ƙusoshin da ke riƙe da sauran jikin ba a yi su don jijjigar inji ba. Wata biyu za ka fara kwarfar ruwa da ƙwarya kamar mai yashe rijiya.

Foti na manyan jiragen kasuwa ne, masu ɗaukar buhunan shinkafa da babura zuwa ƙetare. Jirgin mutum huɗu ko doki 8 ya ishe shi, 15 kuma iyaka ke nan, shi ma sai an gyara bayan.

Mai Golf Ja: Haba Oga Makanike, kun fiye tsorata yara. Komai sai an gwada akan san na ƙwarai. Yaro ya tara kuɗinsa da guminsa, ku bar shi ya ji daɗin abinsa. Mu nan Birnin Kebbi haka aka yi ta ce mana kan mota, ga mu nan da ranmu.

Inna Mai Banda: Kai Mai Golf, ku ne ke hana mu barci ranar ɗaurin aure ko? Zan dawo kanka. Ɗana na bakin kwata, ni ban san doki ba ban san jaki ba, kifi nake saya in banda. Amma ka tambayi duk mai kalli abin da masu gudu ke yi musu. Mutum ya ci bashi ya sayi raga, ya shimfiɗa da yamma, wani ya zo da farfela ya raba ta biyu ya wuce ko waiwaye babu. Bara da kaka yaran maƙwabtana su uku suna dawowa daga gungu da itace, wani ya wuce su a guje, raƙumin ruwan da ya bari ya kife su. Allah ya sa kusa da gaɓa ne, kuma 'ya'yan ruwa ne. Itacen dai ya tafi, da takalman makaranta na ƙaramin. Mai injin har yau ba a san ko wane ne ba.

Mai Golf Ja: Allah ya ba ki haƙuri Inna, ni ban taɓa shiga ruwa ba ma.

Inna Mai Banda: Shi ya sa bakinka ke da sauƙi.

Basarke: Ɗan Bakin Kwata, in dai Yelwa kake, ka san ruwanga ba gulbi ba ne zalla, wutsiyar tafkin Kainji ce. Da anka gama dam ɗin a 1968 ruwa ya haye gonaki da garuruwa da dazuzzuka, anka tashi mutane fiye da dubu 40, yawancinsu mutanenmu na gungu. Itatuwan da ruwa ya ci ba duka anka sare ba. Suna nan tsaye ƙarƙashi har yau, sun bushe sun yi ƙarfi kamar ƙarfe. In ruwa ya cika suna can ƙasa, in ya ja baya suna fitowa kowa ya gani. Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakani, kan kututture na ƙasa da ruwa da taki ɗaya, ba ka ganin komi sai ɗan murɗawar ruwa a sama. Mai filafili in ya hau shi, jirgi ya yi ƙum ya tsaya, ya tura da gora ya wuce. Mai gudu in ya hau shi, ko katako ya tsage ko ƙafar inji ta tafi.

Kuma ruwanmu ba sau ɗaya yake cika ba. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin sanyi, wanda ya taso tun daga ƙasar Gini ya ratso Mali da Nijar. Hanyar da ka bi lafiya watan jiya ba ita ce hanya ba watan gobe. Baban naka ya san wanga duka a kansa. Kai ka sani?

Ɗan Bakin Kwata: Gaskiya Kawu ban sani ba. Makaranta aka sa ni, iyo dai na iya.

Basarke: Iyo na amfani in kana cikin hayyacinka. Wanda allon jirgi ya buga a kai ba ya iyo. Ban ma yi maganar dorina ba, ka dai san tana nan, kuma mai ɗa ba ta son ƙara.

Malamin Tarihi: Ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofa, don na ga ana neman a mai da sha'awar yaron laifi, alhali ba laifi ba ce. Mu Kabawa wasa da ruwa gadonmu ne. Bikin kamun kifi na Argungu a yadda aka san shi yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, aka shirya masa su don girmamawa. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Kuma ba kamun kifi kaɗai ake yi ba. Ranar Kabanci akwai tseren kwalekwale, da iyo, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kama kifi da hannu. Su ma Yawuri suna da Rigata, inda jirage ke tsere a gaban Sarki. To gasa a kan ruwa ba baƙuwa ba ce.

Abin da nake so matasa su lura da shi: Matan Fada, wurin da ake kamun kifin a gulbin Argungu, a rufe take duk shekara. Ba mai jefa homa a wurin sai ranar da aka buɗe, bayan Sarkin Ruwa ya yi abin da ya saba ya ce ruwa ya yi. Dubban mutane na tsaye a gaɓa da homa da gora, ba mai motsi sai an buga bindiga, kuma kamar awa guda ne a tashi. Jirage na kewayawa, masu ruwa na lura da wanda ya gaji. Saboda wannan hanin ne kifi ke samun girma har a fito da giwan ruwa mai kilo 75 a 2005, wanda sai da ƙarti suka taru kafin a ɗora shi a sikeli, da mai kilo 78 a 2020. Wasan da kuke gani kamar hargitsi, doka ce ke riƙe da shi ta ko'ina.

Mai Golf Ja: Yawwa Malam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A wannan bikin na 2020 ai har tseren motoci aka yi, aka taso daga Abuja aka ƙare a Argungu. Ke nan manya ma sun san mota abin wasa ce. Mu matsalarmu fili. Ku duba Amurka. Suna da tseren miƙaƙƙiyar hanya, mota biyu kacal gefe da gefe, ba kwana ba komai, a ga wanda zai riga kai ƙarshe. Asalin tsawon rubu'in mil ne, wajen mita 402. Manyan motocin nasu ba fetur suke sha ba, wani mai ne da ake kira naitiromitan, ƙarfinsu ya haura doki dubu goma, suna cinye hanyar da suke bi yanzu cikin ƙasa da daƙiƙa 4, gudun ya wuce kilomita 500 a awa. Birki kaɗai ba ya tsayar da su, sai sun saki lema ta baya kamar ta sojan sama. Ni wallahi in na kalla a YouTube har tsigar jikina ke tashi.

Injiniya Ɗan Jega: Duk abin da ka faɗa haka yake, amma ka tsallake rabin labarin, kuma shi ne rabin da ya shafe ka. Su ma a kan titin gari suka fara, suna kashe kansu suna kashe mutane, 'yan sanda na bin su. Ƙungiyarsu ta NHRA an kafa ta a 1951 ne musamman don a kwashe yaran daga titi a kai su fili mai shinge. Kafin mota ta hau layi sai an duba ta, direba sai da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci, motar asibiti da ta kashe gobara na tsaye. Bayan layin ƙarshe akwai hanyar tsayawa da ta fi ta tseren tsawo, ƙarshenta kuma yashi da raga. Duk da haka a 2008 da wani direba ya mutu, sai suka rage wa manyan motocin tsawon hanya zuwa ƙafa 1,000, wajen mita 305. Mutanen da suka fi kowa son gudu a duniya su ne suka rage wa kansu hanya.

Kai kuma fa? Taya ɗan kwatano da ya gama rayuwarsa a Turai, yara shida a kujerar baya, biyu zaune a tagar mota, ana juyi a mararraba bayan ɗaurin aure, almajirai da masu talla sun yi da'ira suna kallo. Wannan ba ɗan'uwan wancan ba ne ko a mafarki.

Mai Golf Ja: To a ba mu filin mana! Ai abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya Ɗan Jega: Ku nema. Masu ƙwallo sun yi ƙungiya, masu dambe da kokawa suna da sarakunansu da filinsu, masu sukuwar doki ma haka. Ku kaɗai ne kuke son a fara ba ku fili kafin ku yi shugaban da za a kama in an yi ɓarna.

Inna Mai Banda: Injiniya Allah ya yi maka albarka, ka rama min.

Na Bakalori: Gaisuwa daga Zamfara. Mu nan wajen dam ɗin Bakalori mun ga irin wannan, sai dai namu matsalar yanzu ta wuce ta inji, sai wanda ya shirya yake kwana a bakin ruwa. Tambayata ga Makanike: ni ina da 15, yana tashi lafiya amma in ya yi minti goma sai ya yi zafi ya mutu. Mene ne?

Makaniken Zamare: Duba fitsarinsa. In ka tayar, akwai siririn ruwa da ke tsartowa ta gefe. In babu ko yana ɗiga-ɗiga, ko dai ramin ya toshe da laka, ka zura siririyar waya, ko kuma robar famfon da ke cikin ƙafa ta cinye. Ruwan yashi na cin ta da sauri, tayar da inji a tudu ba ruwa kuma yana ƙone ta cikin ƙasa da minti ɗaya. Kada ka ƙara fita da shi haka, za ka gasa fistin. Ka kuma duba ragar da ke shan ruwa a ƙasa, leda da kainuwa na liƙe mata.

Tunda an zo nan, Ɗan Bakin Kwata, ka yi lissafin mai kuwa? Waɗannan injinan ba su da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake haɗawa, kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tanki mai lita 25, kuma mai na injin ruwa, ba wanda ake juye wa babur a bakin titi ba. Foti in ka murɗe shi duka yana shan kusan lita 20 a awa. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ka san yadda lita ta koma. Yammacin Lahadi ɗaya zai cinye maka cinikin caji na sati. 15 kuwa bai kai rabin haka ba, in ka tsaya a kashi uku cikin huɗu na totur ma ya fi sauƙi nesa, gudun kuma kaɗan ne zai ragu.

Alhaji Sarkin Dillalai: Akwai inji 40 da 75 masu kyau a hannu, farashi mai sauƙi, mai so ya biyo ni ta akwati.

Shugaban Zaure: Alhaji, an sha faɗa, talla ranar Asabar ce. Na bar wannan, na gaba zan goge.

Ɗiyar Wara: Na yi ta karantawa tun ɗazu ina cewa ba zan sa baki ba. Ni 'yar ƙaramar hukumar Ngaski ce. Kowa a nan ya tuna watan Mayun 2021, jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da ɗari da hamsin ya tarwatse a ruwan Wara. Kwana da kwanaki ana tsamo gawa. A unguwarmu ba gidan da bai karɓi gaisuwa ba ko bai je gaisuwa ba. Tsohon jirgi, lodi ya wuce kima, ba mai rigar kariya ko ɗaya. Bayan nan an raba riguna, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ta hana tafiyar dare da lodin wuce ƙa'ida, amma ku je kwata ranar kasuwa ku gani, rigar tana ƙarƙashin benci an mai da ita matashi. Wai zafi, wai mai sa ta bai yarda da ƙaddara ba. Ni ban ce kada ka sayi inji ba ƙanena. Na ce duk wanda zai hau jirginka, har abokan naka masu cewa sun iya ruwa, ya sa riga ya ɗaure igiyarta. In kuɗinka bai kai na riga huɗu ba, bai kai na inji ba.

Basarke: Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Amin.

Malamin Tarihi: Amin ya Allah.

Mai Golf Ja: Amin. Yaya, ban da ta cewa.

Sojan Ruwa Mai Ritaya: Ƙari ɗaya kan maganar Ɗiyar Wara. Akwai jar igiya mai lanƙwasa da ke maƙale a maɓallin kashe inji. A wuyan hannu ake ɗaura ta, don in ka faɗa ruwa ta fizge injin ya mutu. Yawancin direbobinmu sun cire ta sun ɗaure wurin da roba. Jirgin da ba kowa a kai, inji na ci, ba ya tafiya miƙe, kewayawa yake yi ya dawo inda ka faɗa, da farfela.

Ɗan Bakin Kwata: Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru. Oga Makanike ya yi min kara, ya zo Yelwa da kansa muka je ganin injin. Daga waje sai sheƙi, an yi masa sabon fenti har da sitika. Oga bai ko ja igiya ba, ya ce a kawo sukundireba, ya kwance ƙusar man giya ta ƙasa. Abin da ya fito fari ne kamar kunun gyaɗa. Ya zare farfela, sai ga zaren fatsa ya naɗe sandar ya ci robar da ke hana ruwa shiga. Ya cire fulogi biyu ya jera a tafin hannunsa, ɗaya baƙi, ɗaya fes kamar an wanke, ya ce wannan silindar ruwa take sha. Mai injin ya fara rantse-rantse, muka yi masa sallama.

Makaniken Zamare: Araha ba ta ado. Gyaransa zai kai rabin kuɗin sayensa.

Ɗan Bakin Kwata: Abin da ya fi ba ni mamaki Baba ne. Ashe ƙanwata tana karanta masa duk abin da kuke rubutawa. Shekaranjiya bayan asuba ya taɓa ƙafata ya ce in ɗauko filafili. Muka fita, ni a baya shi a gaba. Bai ce min komai kan inji ba. Sai dai mu yi ɗan tafiya ya ce tsaya, ya zura gora, ka ji ƙwas. Ya ce wannan tsamiya ce, kakanka ya sha inuwarta. Mu ƙara gaba, ƙwas, wannan ɗorawa ce ta bakin tsohuwar kasuwa. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin rana ta ɗaga, duk a inda muka shirya yin tseren. Mun dawo da ƙarfasa shida da ragon ruwa ɗaya, hannuna duk ya yi kanta.

Da muka iso kwata ya ce in na iya nuna masa su goma sha ɗayan da kaina ba kuskure, zai kai ni wurin mai sassaƙa a yi min jirgi mai faffaɗan baya, in sa 15. Nasa dai ba za a taɓa ba.

Basarke: Goma sha ɗaya ya nuna maka don kada ka karaya. Ka tambaye shi na gefen gungu.

Mai Golf Ja: To in an yi jirgin za a ɗauke ni? Ban iya iyo ba fa.

Inna Mai Banda: A sa mishi riga biyu. Ɗana, ragon ruwan nan kun cinye ko yana nan? In yana nan aiko min da shi kafin azahar, wuta na kunne.